Shekara 35 yana koyarwa, fayil ya ce 14

Wannan lamari na kawuna ne, yayan mahaifiyata, malamin makaranta a nan Sakkwato. Ba zan faɗi sunansa ba, haka ofisoshi da makarantun da munka shiga duk zan bar su ba suna, shi ma da wannan sharaɗin ya yarda in rubuta. Ina da ɗan shagon fotokwafi, to kusan duk takardar da za a ambata a nan ta bi ta hannuna, kuma ni na riƙa masa jaka a tafiyar ƙarshe.

Mafari, 1978 zuwa 1985

Kawu ɗan zamanin UPE ne, shirin firamare kyauta da gwamnatin soja ta Obasanjo ta buɗe a 1976, lokacin da anka cika azuzuwa da yara alhali malamai ba su kai ba, sai anka riƙa tura samari kwalejojin horon malamai ana fito da su da zafi-zafi. Ya fito da takardar Gired Tu a 1978, a watan Satumba na shekarar ya kama aiki a wata firamare ta ƙauye bisa hanyar Illela, bayan ka wuce Kware da Gwadabawa. Ƙaramar hukuma ce ta ɗauke shi, a riƙe wannan don zai dawo.

Wani abin da za a riƙe kuma shi ne suna. A zamaninsu in an kai yaro boko sai a haɗa sunansa da na garinsu, shi ya sa ka ke jin Shagari da Tambuwal da Wamakko a bayan sunayen manyanmu. To shi ma haka anka rubuta shi a firamare da kwaleji da takardar ɗaukar aiki, sunansa da sunan gari.

Daga ƙauyen nan yawo ya fara shiga jininsa, ranar Lahadi ya hau keke ya tafi kasuwar Illela, in ya ga da sauran rana ya tsallaka Ƙwanni cikin Nijar ya sha shayi ya dawo. A 1982 ya samu hutun karatu ya shigo kwalejin ilimi ta Sakkwato ya yi NCE a fannin labarin ƙasa, ya gama a 1985, sai anka mai da aikinsa daga ƙaramar hukuma zuwa ma'aikatar ilimi ta jiha don ya koyar a sakandare. A wurin cike fom na wannan canjin ne ya ga ai shi ya girma, ya ajiye sunan gari ya sa na mahaifinsa. Ba wanda ya ce masa komai.

Yawuri da Ƙauran Namoda, 1985 zuwa 1996

Jihar Sakkwato ta wancan lokaci ƙatuwa ce, daga bakin Nijar har Zuru, daga Argungu har Tsafe duk ita ce, kuma malamin sakandare duk inda anka jefa shi nan zai faɗa. Shi Yawuri anka jefa shi. Abokansa suna ta yi masa jaje, shi kuwa ko a jikinsa, don mai koyar da labarin ƙasa ne da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Rima ba, ga shi yau a bakin Kwara. Har yanzu in ya fara labarin Yawuri sai an tashe shi sallah, kifi, albasa, Gungawa da anka tasa daga tsibiransu lokacin da madatsar Kainji ta cika a 1968, yadda ya riƙa ɗibar 'yan aji huɗu cikin kwalekwale yana nuna musu abin da ke cikin littafi da yatsa.

Ranar 27 ga Agusta 1991 Babangida ya yanke Kebbi daga Sakkwato. Anka ce ma'aikaci kowa ya koma jiharsa ta asali, kawu ya ɗaure kaya ya dawo, ko wata uku bai yi a gida ba anka tura shi Ƙauran Namoda, can inda layin dogo ya ƙare. A nan ne ya yi digiri a ABU Zariya ta tsarin karatun dogon hutu, duk hutun damina ya bi ta Gusau da Funtuwa. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Abacha ya yanke Zamfara, ya sake ɗaure kaya.

Wato cikin shekara biyar an raba jihar sau biyu, kuma duk sau biyun yana ɓangaren da anka yanke. Kowane rabo ana raba ma'aikata, ana raba motoci da tebura da kabad, ana kuma raba fayil, ana loda su cikin a-kori-kura a ɗaure da igiya.

Gambiya, 1997 zuwa 1999

Akwai shirin gwamnatin tarayya da ake kira TAC, an kafa shi a 1987 zamanin da Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, ana ɗaukar malamai da likitoci da injiniyoyi ana aika su shekara biyu ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik su taimaka. Kawu ya ga talla a jarida ya nema, ya tafi Abuja intabiyu, ya dace. Gambiya ta faɗo masa. Ma'aikatarsa ta ba shi takardar saki, anka tsai da albashinsa na jiha, anka cire sunansa daga bauca tunda can tarayya za ta riƙa biyansa alawus.

Ƙasa ce siririya kamar tsinke, an bi kogi ɗaya an shata ta, Senigal ta kewaye ta ko ta ina sai bakin teku. Makarantar da anka ba shi tana can ciki nesa da Banjul, ya koyi gaisuwar Mandinka da ta Wolof, Fulatancin da ya tsinta a kasuwar Illela ma ya yi masa rana. Ya saba da ataya, shayin nan nasu mai ɗiba uku, ya saba da domoda wadda ya ce miyar gyaɗa ce kawai anka canja wa suna. Ya hau jirgin fito daga Banjul zuwa Barra, ya leƙa Dakar da hutu. Ya dawo da rediyo da keken ɗinki na uwargida da ƙwaryar kawunan labari da har yau ba ta ƙare ba.

Ya sauka gida a daidai lokacin da Obasanjo, yanzu a farar hula, ya zo nan Sakkwato ya ƙaddamar da UBE, sabon shirin ilimin matakin farko kyauta, a ƙarshen Satumba 1999. A Oktoba ya koma ofis ya ce ga shi ya dawo. Anka nemi fayil ɗinsa ba a gani ba. Akawun da ke wurin, don ya taimake shi albashi ya fara fita, sai ya buɗe masa fayil na wucin gadi, ya duba takardar albashinsa ta ƙarshe ya ɗora shi a matakin da ya bari, a gurbin ranar kama aiki kuma ya rubuta ranar da kawu ke tsaye gabansa. Albashi ya fito, kowa ya yi hamdala. Shekara goma sha huɗu anka yi ana ƙarin girma da canjin makaranta, Gwadabawa, Isa, Tambuwal, sannan cikin gari, duk bisa wannan siririn fayil.

Ranar da abin ya fito, 2013

Dokar aikin gwamnati a lokacin ita ce shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa, wadda ta riga zuwa. Wannan ta 40 da 65 da anka yi wa malamai sai a 2022 ta zo, ba ta same shi ba. Da kansa ya ƙirga ya ga Satumba 2013 ya cika 35, ya ba da notis na wata uku, makaranta ta yi masa walima da agogon bango.

Da takardar lissafi ta fito sai ga shekara 14.

Shi a tsohon tsari yake, wanda ake auna giratuti da fansho da yawan shekaru. Jadawalin haka yake, mai shekara 10 giratutinsa kashi 100 cikin 100 na albashin shekara guda, fansho kashi 30, daga nan kowace shekara giratuti na ƙaruwa da kashi 8 fansho da kashi 2, har a kai 35 inda giratuti ke zama kashi 300 fansho kashi 80. To mai 14 fa, giratuti 132, fansho 38. Ko rabi bai kai ba.

Jami'in da ke kan teburin ya ce masa cikin girmamawa, Malam ai a takarda ba ka ma isa ritaya ba, shekarunka 55, ka koma aji ka ƙara biyar. Kawu ya ce a'a, in na koma gobe gaskiya ta fito ku ce na zarce wa'adi ku zare albashin shekara biyar daga giratutina. Kuma haka ake yi, an sha yi wa mutane. Sai ya zamo ba albashi ba fansho, ga mata biyu, ga yara huɗu a makaranta.

Abubuwan da anka gwada sunka ƙi, ƙarshen 2013 zuwa tsakiyar 2014

Na farko afidabit. Munka tafi kotu ya yi rantsuwa cewa ya kama aiki a 1978 bai taɓa ajiyewa ba, anka buga hatimi, na yi masa kwafi biyar. Anka karɓa anka sa cikin fayil anka ce masa wannan ai maganarka ce da bakinka, mu takardar gwamnati muke nema.

Sai ya kai takardar ɗaukar aiki ta 1978 wadda ya adana, ta yi ja ta kusa rabuwa huɗu. Nan suna ya tashi. Takarda na ɗauke da sunan gari, fayil na ɗauke da sunan uba, kuma takardar ta ƙaramar hukuma ce, ba abin da ya nuna an taɓa mai da mai ita jiha. Takardar canjin ta 1985 kuwa tana cikin babban fayil da ya ɓata.

Daga nan anka shiga kamun ƙafa. Wani tsohon ɗalibinsa da ya zama babba ya rubuta 'yar takarda a bayan katinsa, kuma gaskiya ta yi aiki, fayil da ke kwana wata a tebur ɗaya ya zaga tebur huɗu cikin mako guda, ya dawo da amsar da ya tafi da ita. Kati na sa a yi sauri ne, ba ya haifar da takardar da babu.

Abin da ya fi ƙona min rai wani ɗan tsaye a bakin ofis da ya ce shi ya san inda ake zuba tsoffin fayil, a ba shi na mai da na goro. Kawu ya sai da tunkiya biyu ya ba shi. Mako uku yana cewa gobe, daga baya lambarsa ta daina shiga.

Sai wasiƙu. Munka rubuta guda uku, ɗaya ƙaramar hukumar farko, ɗaya Birnin Kebbi, ɗaya Gusau, ni na buga su. Munka jira wata huɗu, ko ɗaya ba a amsa ba. Daga baya da munka isa ɗaya daga wuraren na ga wasiƙarmu da idona a cikin tire, ba a ƙi ta ba, wanda ya buɗe ta ne bai san inda zai fara neman mutumin da ya bar wurin tun 1991 ba, shi kansa lokacin yana firamare.

A wannan tsakanin kawu ya rame. Lesin yake yi wa yaran unguwa da yamma, uwargida na ɗinki da keken Gambiya, da shi ake cefane.

Bin sawu, bayan sallar layya ta 2014

Wani tsohon hedimasta abokinsa ne ya kawo shawarar, a wurin zaman makoki ma. Ya ce masa kai da ka yi aikin makaranta ka manta da logbuk? Wato babban littafin nan da kowane shugaban makaranta ke rubuta abin da ya faru, zuwan sufeto, rufin aji ya yaye, an buɗe an rufe, da ranar da sabon malami ya iso da ranar da ya tashi. Shi ba ya bin mutum, ba ya zuwa hedikwata, ba a raba shi ranar raba jiha, a kabad ɗin makaranta yake zama.

Kawu ya kira ni ya ce, ɗana rufe shagon nan mu tahi. Na ce kawu ina? Ya ce duk inda na taɓa riƙa alli.

Firamaren hanyar Illela munka fara. An sake gini, amma hedimastan ya buɗe wani akwatin ƙarfe, ga littattafai har na zamanin En'e. Munka samu shafin Satumba 1978, rubutun alƙalamin tawada, sabon malami mai Gired Tu ya iso an ba shi aji uku, da sunan gari. A shafin 1982 kuma an rubuta ya tafi hutun karatu. Na ɗauka a waya, munka kai gari anka yi fotokwafi, hedimasta ya sa hannu da hatimi a kowane shafi, sannan sakataren ilimi ya ƙara nasa. Wannan hatimi biyun tsohon hedimastan ya ja mana kunne a kai, ya ce kwafi ba hatimi takardar ƙosai ce.

Yawuri tafiyar yini ce, Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Jega, Koko, muna tafe yana nuna min inda ƙasa ke canja launi da inda giginya ke farawa kamar ina ajinsa. Logbuk ɗin can ya fi kyau. Ga isowarsa a 1985 da sunan uba, ga ranar da anka rufe makaranta a Nuwamba 1988 don rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na uku, ga tashinsa a 1991. Firinsifal ɗin ya ce bari a duba ko akwai ɗan fayil na makaranta, don kowace makaranta tana riƙe nata ƙarami. Anka samu, takarda huɗu ce kacal a ciki. Kawu na ganin ta sama ya sa hannu zai kife ta.

Kwiri ce. A 1987 ya tafi hutu ya bi 'yan kwalekwale har Gaya da Malanbil a bakin iyakar Nijar da Benin, ya dawo bayan an koma da kwana shida, hedikwata ta aiko masa takardar tuhuma. Shekara 27 bai gaya wa kowa ba. A saman takardar, gefen hagu, ga lambar babban fayil ɗinsa, kuma wanda ya buga ta ya rubuta sunansa da na uba sannan ya ƙara sunan gari a ƙarshe. Takarda ɗaya tak a duniya da ta haɗa sunayen biyu, ta gwamnati, da hatimi.

Ƙaura ba mu samu komai ba, gara ta cinye kabad ɗin da abin da ke ciki, sai wani littafin adashin malamai da sunansa ke ciki, wanda ba ya shiga ofis. Kwana biyu da kuɗin mota sunka tafi a banza.

Saura Gambiya. Tsohon fasfo yana nan da hatimin shiga da na fita, amma fasfo tafiya yake nunawa, ba ya cewa da izini anka tafi. Takardar saki ake so. Munka birkice ɗakinsa ba ta. Uwargida na zaune tana kallonmu ta ce wace iri ce, mai doki biyu da mikiya a sama? Ta jawo adakarta ta aure, ta fiddo ta a naɗe cikin ɗankwali tare da takardar fili. Ta ce ita da ta ga tambarin gwamnati ta ɗauka ta gida ce. A sakin layi na biyu an rubuta an sake shi ne don aikin ƙasa na shekara biyu kuma zai koma bakin aikinsa in ya gama.

Lambar fayil, farkon 2015

Munka koma ofis da lamba. Wani dattijon masinja da ya kusa ritaya shi ma, ya karanta ta ya yi shiru, ya ce wannan jerin ai na tsohuwar jiha ne, suna sito na baya. Ya ɗaure hanci da hankici ya shiga. Kwana uku ya fito da shi, ƙato, an ɗaure da jan zare. Bai taɓa zuwa Kebbi ko Zamfara ba. A jikin bangon sunan gari ne, don da anka karɓo shi daga ƙaramar hukuma a 1985 ba a canja bango ba, masu nema kuma tun 1999 a harafin sunan uba suke dubawa. Takardar canjin aiki na ciki, da ta tabbatarwa, da kwafin takardar saki.

Anka haɗe fayil biyu, anka sake lissafi, 35. Fansho ya fara shiga a tsakiyar 2015 bisa kashi 80, da bashin watannin baya a biya biyu. Giratuti kuwa ya shiga layi kamar na kowa, ya ɗauki lokacinsa. Daga ajiye alli zuwa alat na farko wata 21.

Abin da na gani

An daɗe a gidanmu ana cewa raba jiha ne ya cinye fayil, mu ma a kan haka munka ɓata wata huɗu muna rubuta wasiƙu. Ashe raba jiha bai taɓa shi ba, abin da ya yi kawai ya ba kowa dalilin da zai daina nema, da an ce ba a gani ba sai a ce ai ya bi motar Kebbi. Ainihin ɓarnar guda biyu ce kuma duk ƙanana. Ta farko ta kawu ce da kansa, canja suna a 1985 ba tare da takardar da ta ɗaure tsoho da sabo ba. Ta biyu ta akawun 1999 ce, wanda alheri ya yi niyya, ya rubuta ranar dawowa a gurbin ranar kama aiki. Ita kuma wannan rana ba mai kallonta sai ranar ritaya, albashi da ƙarin girma duk ba su dogara da ita ba, shi ya sa ta kwanta shekara goma sha huɗu lafiya lau.

Afidabit da kati da ɗan tsaye duk sun faɗi ne don ba ɗayansu da ya kawo abin da mai lissafi zai iya jingina sa hannunsa a kai, shi ma odita na bayansa. Logbuk shi kaɗai da wuya ya isa, na tambayi jami'in daga baya ya ce da sai an kafa kwamiti a duba. Amfanin logbuk shi ne ya kai mu Yawuri da ƙafafunmu. Lambar ce ta buɗe sito, kuma da malami ne mai zama wuri ɗaya da ba a taɓa tuhuma ba, ban san inda za mu same ta ba. Amma kuma da mai zama wuri ɗaya ne da ba a buɗe masa fayil na biyu ba tun farko, don haka ni ban iya cewa yawon ya cuce shi ko ya cece shi.

Shi dai bai daddara ba. Da bashin fansho ya shigo ya biya kuɗin makarantar yara, ya mai da tunkiya biyu, ya ba masinjan nan turmin shadda, sannan ya hau motar Illela ya wuce Tawa har Agadas wai bai taɓa ganin hasumiyar masallacinsu ba. Kwirin 1987 kuwa ya kawo min shago na yi mata laminetin, yanzu tana cikin adakar uwargida tare da takardar fili.